Kawu da Yaron Cikin Tulu

Allah ya karɓi ran Kawu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na Ard al-Liwa a Alƙahira, unguwar da ke bayan layin dogo idan ka fito daga Mohandisin. Kafin azahar matattakalar benen ta cika da takalma. Hausawan Sudan suka zo cikin fararen jallabiyoyinsu, mu ɗaliban jami'ar addini muka zo da hulunanmu na gida, kowa kuma da irin Kawun da ya sani. Wani tsoho ɗan Gadarif ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke yi wa rami sallama ba sai shi. Ko ramin masu gyaran famfo ne a titi, sai ya tsaya ya leƙa ya yi sallama kafin ya wuce. Aka yi 'yar dariya, irin ta gidan makoki da ake haɗiye rabinta. Wani ɗan ajinmu, mai son gyara wa mutane addini ko ba su tambaye shi ba, ya raɗa mini cewa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tone kaburbura yana buƙatar addu'a sosai. Maƙwabcinmu Bakibɗe, Kiristan Masar, mai kantin magani a ƙasan benen, ya hau yana haki, ya zauna a tsakiyar Musulmi ya yi kuka bai ɓoye fuska ba. Ya ce shekara da shekaru suna gardama ɗaya da marigayin, ga shi ya tafi bai ba shi gaskiya ba.

Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba. Matan da ke tare da ita sun ce tun da aka rufe masa ido ta je ta zauna a kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin taga, aka kawo mata kujera ta ƙi tashi. Suka ɗauka ruɗewa ce. Ni na san abin da ke cikin akwatin, shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a tuna da Kawu da rabin labarinsa.

Kawuna ne ta wajen uwa, ko da yake ban taɓa jin labarinsa ba sai da zan taho Alƙahira karatu. Mahaifinsa wan kakana ne. Ya bar Haɗejiya a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya, daminar da ba ta ƙare ba har ya koma ga Allah. A can aka haifi Kawu. Hausarsa irin ta kakanni ce, ya zuba mata larabcin Sudan ya ƙara da na Masar, sai ka ji magana ɗaya ta ratsa ƙasa uku kafin ta iso kunnenka. Ranar da na fara zuwa gaishe shi ya dube ni sama da ƙasa, ya ga littattafai a hammatata, ya ce, "To, Shehi ya iso." Daga ranar ban sake samun wani suna a gidan ba.

Aikinsa tono ne. Yana saurayi aka fara gina babbar madatsar ruwa a kan Nilu, Turawa masu binciken kufai suka yi ta rige-rigen tone tsofaffin garuruwa kafin ruwa ya shanye su, suka ɗauke shi aikin kwashe ƙasa a kwando. Da suka ga hannunsa ba ya fasa abu, sai suka ba shi buroshi suka yi arewa da shi. Har ya tsufa aikin bai fita daga jikinsa ba. In zai ɓare dafaffen ƙwai, shayinka zai huce bai gama ba. Inna ta hana shi shara, ta ce in ya fara da safe azahar za ta same shi a lungu ɗaya yana duba abin da tsintsiya ta kwaso. Ba ya taka tsingaro a hanya. Sai ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya mayar yadda ya same shi.

Duk Bahaushen da ya mutu a Alƙahira ba shi da kowa, Kawu ake kira. Na taɓa raka shi wankan wani ɗan Nijar da ciwo ya kashe a wani ɗakin ajiyar kaya a kasuwar Ataba, ba wanda ya san ko garinsu. Kawu ya yi ta yi masa magana a hankali yana zuba ruwan, yana ce masa yanzu za a juya shi, yanzu za a ɗaga hannunsa, ya yi haƙuri ruwan da ɗan sanyi. Ni kuwa sai na ga mutumin ya saki jiki kamar ya ji.

Shekarar da gari ya rikice, mutane suka cika dandalin Tahrir, aka ce ɓarayi sun shiga babban gidan tarihi, sojoji kuma suka fara tare motoci suna neman kayan da aka sace. Wata rana bayan la'asar Kawu ya ce in tura ƙofa. Inna tana zaune ta ba mu baya tana tsince shinkafa a faranti. Ya jawo akwatin ƙarfen, ya ɗauke zanen da ke shimfiɗe a kansa, ya buɗe. Ciki wani tsohon rawani ne a naɗe. Ya warware shi da irin haƙurin nan nasa, sai ga ƙasusuwa ƙanana launin shayi da madara, haƙarƙari siriri kamar tsinken tsintsiya, da ƙoƙon kai wanda bai cika tafin hannuna ba.

Na ja da baya. Na ce, "Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ba mene ne ba, Shehi. Wane ne. Abin da nake tambaya ke nan tun kafin a haife ka."

Ya ce a wani kufai ne a lardin Sharƙiyya, garin laka da ya nutse a ƙarƙashin gonakin mutane. Da suka sauka ƙasan daɓen ɗakuna sai suka fara samun tuluna, kowane tulu da jariri a ciki. Turawa biyu ne ke shugabancin aikin. Tsohon, wanda suke kira Mai Gemu, da ya ga tulun farko sai ya cire hularsa ya durƙusa. Ya ce waɗannan su ne 'ya'yan Bani Isra'ila da Fir'auna ya sa aka kashe, kamar yadda littafin Yahudawa da Kiristoci ya faɗa, yau ga ƙasa ta ba da shaida. Ƙaramin, Mai Tabarau, ya ce a bi a hankali. Tulunan dai irin na mutanen Sham ne, ya yarda baƙi daga can sun zauna a garin. Amma babu rubutun da ya faɗi ƙabilarsu, jarirai kuwa a kowane zamani suna mutuwa, kuma da ido ba a gane namiji da mace a ƙashin jariri. Suka yi ta musu a kan ramin, yaron yana kwance a rana. Da suka gaji aka rubuta wa kowane ƙashi lamba da tawada, aka zuba a kwali aka kai sito.

Shi wannan yaron, ranar da za su tashi Kawu ya same shi, a gefen ramin ƙarshe, bayan an loda kaya a mota. Washegari manomi zai sako ruwa a wurin. In ya faɗa, sai tawada da kwali. In ya yi shiru, sai garma. Ya kwance rawaninsa ya naɗe shi.

Ya ce, "Na ce gobe in binne shi. Goben ce har yau."

Na tambaye shi me ya hana. Ya dube ni irin kallon da yake wa ɗalibai in sun yi tambayar da suka ga ta yi kyau.

"A ina, Shehi? In ɗan Bani Isra'ila ne, jikan Annabi Yaƙubu ne, yana da dangi a duniya, suna da maƙabartarsu. In kuwa ɗan masu bautar gunki ne, to ina zan fuskantar da shi? Ba a kai yaro gidan da ba nasu ba."

Na gyara zama na zuba masa karatu. Na ce jariri babu alƙalami a kansa, ko ɗan wane ne, a haƙa rami mai tsabta a rufe shi, shi ke nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ma'alish, ba laifi, kai ma ka iya magana." Ya fara naɗe rawanin. Sai a lokacin na lura hannun Inna ya daina motsi a cikin shinkafar tun da aka buɗe akwatin. Da ya rufe, ta tashi ba ta dubi kowa ba, ta mayar da zanen ta gyara masa gefe.

Daga ranar na gane abin da ke ƙarƙashin gardamarsa da maƙwabcinmu. Shi mai kantin maganin bai san da akwatin ba. A wurinsa duk dutsen da aka tono a Masar hujja ce cewa littafinsu gaskiya ne daga bango zuwa bango. Da abubuwa suka ɗan lafa, ya matsa sai mun je gidan tarihi ya nuna wa Kawu abin da zai rufe masa baki. Muka je mu uku. Ya kai mu gaban wani dogon dutse mai duhu, cike da rubutun Fir'aunoni, ya sunkuya ya nuna wani layi can kusa da ƙasa.

Ya ce, "Ga shi nan, ya Hajj. Isra'ila. Fir'auna da kansa ya rubuta. Khalas, magana ta ƙare."

Kawu ya san dutsen, ya sha jin Turawa suna faɗa a kansa. Ya ce ya yarda, akwai mutane masu wannan suna a wancan zamani, kuma Fir'auna yana cika bakin ya hallaka su. Amma a ƙasar Sham dutsen ya ajiye su. Bai ce sun buga tubali a nan ba, bai ce sun tsallaka teku ba. Maƙwabcinmu ya ce to sarakunansu fa, da aka samu sunayensu a duwatsun Iraƙi? Kawu ya ce wannan ma ya yarda, sarakunan baya ƙasa ta san su. Na farkon ne ta yi shiru a kansu. Ya ce shi da hannunsa ya yi wata guda a Sina'i yana neman sawun jama'ar Annabi Musa tare da Mai Gemu, ba su samu ko tsingaro ba. Mai Gemu ya ce makiyaya ba sa barin sawu. Mai Tabarau ya ce jama'a mai yawa haka ko tukunya ɗaya ta fashe musu. A ganin Kawu babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Maƙwabcinmu ya fusata. Ya ce, "Kai Musulmi ne, labarin nan yana cikin addininku. Me kake nema a cikin ƙasa?"

Kawu ya ce, "Ni ban yi shakkar Annabi Musa ba, imanina ba ya jiran cebur. Kai ne kake so dutse ya yi maka rantsuwa."

Muka dawo a mota ɗaya, su biyun kowa yana kallon tagarsa. Kwanaki ba sa gaisawa. Amma kullum da safe Inna za ta zura kwando da igiya daga baranda, kamar yadda matan Alƙahira ke sayayya, ya dawo sama da maganin hawan jinin Kawu a ciki, wani lokaci har da lemo. Ni kuwa a kan matattakala Kawu ya ce mini, "Ka ga dutsen nan? Duk shekara ina zuwa in tsaya a gabansa. Bai taɓa ce mini komai a kan yaron ba."

Ɗakin nasu kuwa, ban san yadda zan faɗa ba tare da an ce Shehi ya fara camfi ba. Kyanwoyin benen suna shiga kowane gida, ban taɓa ganin ɗaya ta tsallaka ƙofar Kawu ba. Ko a tsakiyar zafi, in ka zauna kusa da tagar nan sai ka ji ƙafarka ta yi sanyi. Zanen kan akwatin yana canzawa da lokaci, mara nauyi da bazara, bargo in sanyi ya shigo. Na taɓa tambayar Kawu ko yana jin wani abu a ɗakin. Ya ce shi bai taɓa jin komai ba. Inna tana wurin, ba ta ce ta ji ba, ba ta ce ba ta ji ba.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa sai tsoro ya kama shi. Ya ce in shi da Inna suka tafi, mai gida zai kira masu sayen tarkace su kwashe ɗakin, akwatin ya faɗa hannun 'yan sanda ko na masu sayar wa baƙi kayan tarihi. Ko ta ina, tawada da kwali na jiran yaron. Ya yanke shawara ya bi maganata, mu fita bayan gari mu sami wuri mai tsabta a cikin rairayi. Na yi magana da wani ɗan'uwanmu mai tasi a Zamalek, na zo da safe. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ɗauke bargon ya buɗe akwatin, babu komai a ciki.

Muka dubi juna. Sai muka ji motsin cokali a madafa. Inna tana tsaye a gaban risho ta ba mu baya, ta ɗaura zani a ƙirji irin na masu goyo, ga ɗan ƙunshi a tsakiyar bayanta. Tana juya miya tana ɗan girgiza jiki hagu da dama. Na ga abubuwa a garin nan, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, kuma tausayinta ya fi tsoron yawa.

Kawu ya ce, "Hajja, mota na jira."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ba inda za shi, Malam. Sanyi ake yi."

"Haƙƙinsa ne a rufe shi."

"Ku kun yi ta tambayar ɗan wane ne, ku da Turawanku da duwatsunku. Wa ya lulluɓe shi duk shekarun nan? Wa ya tambaye ni?"

Allah bai ba su haihuwa ba. Kowa ya san haka, ba wanda ke ɗaga maganar. Inna ta yi rainon 'ya'yan mutane a gidajen Mohandisin har bayanta ya sunkuya, kowane ya girma ya manta da ita. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon goyon. Sannan ya cire hularsa ya zauna a bakin gado, ya ce in je in sallami mai tasi in ba shi haƙuri. Wannan ne kaɗai saɓanin da na taɓa gani tsakaninsu, kuma bai sake tayar mata da maganar ba. Ni ya ce wa, daga baya, yana kwance, "Tambayata gaskiya ce, Shehi, ina so in sani. Amma na ji daɗi da ƙasa ba ta amsa ba."

Ranar da ya rasu, ni da tsohon nan ɗan Gadarif muka yi masa wanka. Muka shimfiɗa likkafani, saura ɗauri, sai Inna ta aiko a ba ta wuri ta yi bankwana. Tsohon ya fita. Zan bi shi ta ce in tsaya. Ta shigo da ƙunshin a ƙirjinta, ta sake masa sabon farin ƙyalle. Ta ɗaga hannun Kawu na dama ta kwantar da shi a jikin haƙarƙarinsa, ta mayar da hannun a kai. Ta daɗe tana gyara ƙyallen wajen kan.

Ta ce, "Ɗaure, Shehi."

A duk littattafan fiƙihun da na karanta ban ga wannan babi ba. Na ɗaure.

Kabarin Alƙahira ba irin namu ba ne. Wanda aka kai Kawu na sadaka ne, wani bawan Allah ya gina don baƙi a hanyar Fayyum. Mai kula da kaburburan ya ɗaga wasu faffaɗan duwatsu, sai ga matattakala ta yi ƙasa. A ƙasan ɗakuna biyu ne da rairayi a shimfiɗe, na dama na maza, na hagu na mata. Waɗanda suka riga shi suna jere a jikin bango cikin likkafaninsu, wasu sun lotsa har sun kusa zama daidai da rairayin. Na gane wurin da muka ajiye ɗan Nijar ɗin nan. Mai kabarin ya karɓi Kawu ta kafaɗa, hannunsa ya sauka a kan ƙunshin. Ya tsaya. Ya taɓa ya sake taɓawa, ya ɗago ya dube ni a cikin ɗan hasken da ke saukowa. Ni ma na dube shi. Can ya ce, "Tamam," wato shi ke nan, ya kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, ya tara rairayi a bayansa don kada ya juya.

Ina hawowa na tuna wata rana wani mai buroshi zai sauka ɗakin nan, ya sami tsoho rungume da jaririn da ya girme shi da dubban shekaru. Za su yi musu a kansa har su gaji. Da Kawu yana nan da ya yi dariya har ya yi tari. Allah ya haskaka masa ɗakin da yake, ya yafe masa tonon da ya yi, ya saka masa da wankan da ya yi wa marasa kowa, ya sada yaron da iyayensa ko su wane ne.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na je gaishe da Inna. Akwatin yana nan a buɗe, ta zuba albasa a ciki. Ba ta je maƙabarta ba, don haka ta sa na faɗa mata komai, tun daga duwatsun da aka ɗaga har rairayin da aka tara. Da na zo kan ɗakunan biyu ta tsayar da ni.

"Na matan yana jikin nasu?"

Na ce bango ɗaya ne tsakani.

"Mai kauri?"

Na ce a'a, bulo ɗaya ne.

Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "To ka je ka yi magana da mai kabarin tun yanzu, a ajiye mini jikin bangon. Shi Malam barcinsa nauyi gare shi. Ko yaron ya yi kuka ba ji zai yi ba."